RENE GOSCINNY: BAƘON YARON DA YA ƘWATO WA MARUBUTA SUNANSU

Duk wanda ya taɓa buɗe jarida ya ga labarin zane, watau inda ake jera hotuna cikin ƙananan akwatuna, ana kuma sa maganar kowane mutum cikin ɗan zobe a bisa kansa, da wuya ya tsaya ya tambayi kansa wane ne ya ƙago labarin. Galibi mai zanen ake yaba wa, domin aikinsa ne ido ke gani. Amma sau da yawa akwai wani mutum dabam wanda shi ne ya zauna ya tsara abin da zai faru, da abin da kowa zai ce, da daidai wurin da mai karatu zai fashe da dariya. A ƙasashen Faransa da Beljiyam, har zuwa wajen 1955, irin wannan mutum ba safai ake ko buga sunansa a jikin littafi ba.

Tarihin yau na ɗaya daga cikin irin waɗannan marubuta ne, watau Rene Goscinny, wanda Faransawa ke furta sunansa Gosini. Shi ne ya rubuta labaran Asterix da Lucky Luke da Petit Nicolas. Ya rasu tun 1977, amma har gobe ana buga littattafansa ana sayarwa. Kafin ya kai ga wannan matsayi kuwa, sai da ya yi shekaru yana yawon neman abinci daga wannan ƙasa zuwa waccan, ya sha zaman kashe wando a birnin da ba nasa ba, aka kuma kore shi daga aiki saboda ya nemi haƙƙin abokan sana'arsa.

ASALINSA

An haife shi a birnin Faris ran 14 ga watan Agusta, 1926. Iyayensa duka biyu baƙi ne a Faransa, Yahudawa ne da suka fito daga gabashin Turai. Ubansa, Stanislas, mutumin Warso ne ta ƙasar Folan, injiniya ne kuma na haɗa sinadarai. Uwarsa, Anna, 'yar gidan Beresniak ce, waɗanda suka taso daga wani ƙaramin gari a ƙasar Yukren ta yanzu, suka zo Faris suka kafa maɗaba'a. Sunan nan Goscinny kuwa, a harshen mutanen Folan, ma'anarsa mai karɓar baƙi. Yana da wa guda ɗaya, Claude, wanda ya girme shi da kusan shekara shida.

A 1928, sa'ad da Gosini ke da shekara biyu, uban ya sami aiki a Buenos Aires, babban birnin ƙasar Ajantina a Kudancin Amurka. Sai ya kwashe iyalinsa suka shiga jirgin ruwa, tafiyar makonni a bisa teku. A can yaron ya tashi, a can kuma ya yi dukan karatunsa.

ƘURUCIYA A AJANTINA

An sa shi a makarantar Faransawa da ke Buenos Aires. A aji Faransanci ake yi, in ya fita titi kuwa sai Sifaniyanci. Ana koya masa tarihin sarakunan Faransa da sunayen kogunanta, alhali ita ƙasar ba ya ganinta sai jefi-jefi in iyayensa sun tafi hutu. Daga baya ya sha bayyana cewa a lokacin nan Faransa ce yake gani kamar wata ƙasa mai ban mamaki can nesa, Ajantina kuwa ita ce gida. Tafiye-tafiyen nan ne suka sa masa son manyan jiragen ruwa, son da bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

Yaro ne mai tsananin kunya, amma ya gano tun da wuri cewa in ya sa 'yan ajinsu dariya sai su jawo shi jiki. Saboda haka ya zama shi ne mai barkwancin aji, duk da cewa ba ya wasa da karatu. In an tashi makaranta kuma, ba abin da ya fi so kamar littattafan zane. Ya karanta na Amurka irin su Tarzan da Superman, ya karanta na Faransa irin su Zig et Puce, amma wanda ya fi kwanta masa a rai shi ne Les Pieds Nickeles, labarin wasu 'yan damfara uku da kullum suke cikin shirya wata dabara. Akwai littafi guda na labarinsu da aka zo da shi daga Faris, wanda ya zauna ya kwaikwayi zanensa shafi bayan shafi. Ita ma Ajantina tana da nata gwanin a zamanin, Patoruzu, wani ɗan asalin ƙasar mai ƙarfin gaske da kirki, wanda Dante Quinterno ya ƙago a 1928. Ban da karatu, yakan je silima ya kalli finafinan Walt Disney da na Laurel da Hardy, 'yan wasan barkwancin nan biyu, ɗaya siriri ɗaya ƙato.

Tun yana makaranta ya fara ba da zane da gajerun rubuce-rubuce ga mujallun ɗalibai, ya kuma ƙudura a ransa cewa shi mai zane zai zama.

Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, a 1940 kuma sojojin Jamus suka shiga Faris. Zaman Ajantina shi ya tsirar da gidansu. Danginsu da suka rage a Faransa ba su tsira duka ba, domin 'yan'uwan uwarsa maza uku an kama su saboda su Yahudawa ne, suka mutu a hannun gwamnatin Hitila. A shekarun nan yaron ya cika littattafan rubutu da zanen shagube na Hitila da sauran shugabannin lokacin. Ko da ya girma ya yi suna, ba safai yake ɗauko zancen wannan rashi a bainar jama'a ba.

MARAICI DA NEMAN ABINCI

A watan Disamba, 1943, ya ci jarrabawar ƙarshe ta sakandare yana da shekara 17. Kwanaki kaɗan bayan haka, ran 25 ga wata, jijiyar jini ta fashe wa ubansa a ƙwaƙwalwa, ya rasu. Maganar ci gaba da karatu ta tsaya ke nan, tilas yaro ya fita neman abin da za su ci shi da uwarsa.

Aikin da ya fara samu shi ne na mataimakin akanta a wani kamfanin da ke harkar tsofaffin tayoyin mota. Lissafi ba abin da ransa ke so ba ne, bai kuwa daɗe a wurin ba. Daga nan ya koma wani kamfanin talla a matsayin ƙaramin mai zane. A 1945 wani kawunsa mai suna Boris, wanda ke zaune a birnin Niyok na Amurka, ya ba su shawara su taho. Gosini ya amince, domin a ganinsa ƙasar su Walt Disney ita ce inda mai zane zai ci abinci. Shi da uwarsa suka tattara suka bar Ajantina.

Da isarsa ya sami aikin tafinta a wani kamfanin shigo da kaya. Ba a jima ba maganar aikin soja na tilas ta taso, sai ya zaɓi ya je ya yi wa Faransa maimakon Amurka. A 1946 ya sauka a ƙasar haihuwarsa, wadda yaƙi ya bari cikin ƙunci, aka tura shi bataliya ta 141 a garin Aubagne da ke kudu. Da hafsoshi suka gane ya iya zane, sai suka mai da shi mai zanen bataliya, yana yi musu hotuna da takardun mannawa a bango.

SHEKARUN WAHALA A NIYOK

A 1947 ya koma Niyok, a nan ne kuma ya ga tasku. Kullum sai ya ɗauki jakar zanensa ya bi ofisoshin jaridu da na masu buga littattafai, ya hau wannan bene ya sauka daga wancan, ana duba aikinsa ana mai da masa. Ya fi shekara yana wannan sintiri ba aikin kirki, uwarsa ce ke riƙe da gidan da suke haya a unguwar Brooklyn. Turancinsa na baƙo ne, abokai kuma babu. Wanda ya taɓa sauka a babban birni da takardar shaidar makaranta a aljihu, ya yi ta zaga ƙofofi ana ce masa ya dawo gobe, ya san irin halin da saurayin nan ya shiga. Shi kansa ya ɗauki wannan lokaci a matsayin mafi tsanani a rayuwarsa.

Sauƙi ya fara zuwa a 1948, sa'ad da ya haɗu da wani matashin mai zane Ba'amurke, Harvey Kurtzman, wanda ya ba shi wurin zama a ɗakin aikin da yake tarayya da abokansa, cikinsu har da Will Elder. Waɗannan samari su ne daga baya, a 1952, suka fito da mujallar barkwanci ta Mad wadda ta yi suna ƙwarai a Amurka. A wurinsu Gosini ya ga yadda ake ɗauko abin da kowa ya sani, ko fim ko tarihi ko talla, a juya shi a mai da shi abin dariya. Ta hanyarsu kuma ya sami aiki a wani ƙaramin kamfani mai suna Kunen, inda ya yi littattafan yara guda huɗu.

A wannan tsakanin ne ya sadu da wasu masu zane 'yan Beljiyam da suka zo Amurka neman sa'a, watau Joseph Gillain, wanda aka fi sani da Jije, da Maurice De Bevere, wanda ke sa hannu da sunan Morris. Harshe ɗaya ya haɗa su a ƙasar baƙunci, suka shaƙu. Ta dalilinsu ya san Georges Troisfontaines, mai kamfanin World Press na birnin Burasels, wanda sana'arsa ita ce tattara labaran zane yana sayar wa masu mujallu.

HAƊUWA DA UDERZO

A 1951 Gosini ya sake hawa jirgin ruwa ya nufi Turai, ɗauke da shafukan wani labarin ɗan sandan ciki mai suna Dick Dicks, wanda shi ya rubuta shi kuma ya zana. A ofishin World Press wani marubuci mai suna Jean-Michel Charlier ya duba shafukan, ya lura cewa zanen bai kai ya kawo ba, amma labarin da maganganun da ke ciki na gwani ne. Aka ɗauke shi aiki, aka kuma tura shi reshen kamfanin da ke Faris.

A wannan ofis ne, cikin shekarar 1951, ya haɗu da Albert Uderzo, wanda aka haifa a 1927, shi ma ɗan baƙi, domin iyayensa daga Italiya suka zo. Uderzo gwanin zane ne na gaske, duk da cewa idonsa ba ya bambance wasu launuka, amma tsara labari yana ba shi wuya. Gosini kuwa labari na zuwa masa a sauƙaƙe, zanen ne ke ja masa baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka raba aiki, wannan ya rubuta wancan ya zana, abota kuma ta ƙullu tsakaninsu wadda ta kai shekara 26 ba ta yanke ba.

Rabuwa da burin da mutum ya rena tun yana yaro ba abu ne mai sauƙi ba. Gosini ya ci gaba da taɓa zane har zuwa wajen 1956, sa'an nan ya haƙura ya ajiye alƙalamin zane ya rungumi tafireta. A shekarun nan ba ya zaɓen aiki. Ya rubuta labarin wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Jehan Pistolet, ya rubuta na wani yaro ɗan jarida mai suna Luc Junior, har ma ya riƙe filin koyar da ladabin zaman jama'a a wata mujallar mata, Bonnes Soirees, inda yake sa hannu da sunan mace, Liliane d'Orsay. Shi da Uderzo sun kuma ƙago Oumpah-Pah, wani jarumi daga 'yan asalin Amurka, waɗanda ake kira Jajayen Indiyawa a finafinan kaboyi. Ba wanda ya karɓi labarin a lokacin, sai a 1958 mujallar Tintin ta fara buga shi.

KURA DA SHAN BUGU

A 1955 tsohon abokinsa Morris ya nemi ya riƙa rubuta masa labaran Lucky Luke, wani kaboyi mai yawo shi kaɗai da dokinsa, wanda Morris ya ƙago tun 1946. Gosini ya karɓa, ya kuma ci gaba da wannan aiki har mutuwarsa. Da zuwansa labarin ya ƙara armashi. A zamaninsa ne aka shigo da 'yan fashin nan huɗu 'yan gidan Dalton, waɗanda ake jera su bisa ga tsawo, gajeren shi ne mafi zafin rai, dogon kuwa shi ne mafi wauta da ci. Daga baya aka ƙara da Rantanplan, karen gidan yari wanda ba ya gane komai daidai.

To, amma fa littattafan farko sun fito ba sunan Gosini a jikinsu. Haka al'adar sana'ar take a lokacin. Masu buga littattafai mai zane kaɗai suka sani, da shi suke ƙulla yarjejeniya, sau da yawa ma shi ne zai ciri wani abu daga nasa kuɗin ya ba marubuci. Su kansu masu zanen ba su da cikakken iko a kan abin da suka ƙago in sun miƙa shi. An zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1956 wasu marubuta da masu zane suka taru a Burasels, suka tsara takardar sharuɗɗa wadda za ta kare haƙƙinsu, da niyyar kafa ƙungiya. Labari ya kai kunnen masu kamfani tun kafin a je ko'ina. Aka ɗauki Gosini a matsayin shi ne kanwa uwar gami, World Press ta sallame shi. Uderzo da Charlier, waɗanda ba a kora ba, suka ajiye nasu aikin don nuna goyon baya. Na ɗan lokaci ƙofofi da yawa sun rufe musu. Gosini ya sake komawa ba albashi yana da shekara kusan 30.

Su uku, tare da wani mai suna Jean Hebrard, suka kafa nasu ƙaramin kamfani, suna yin duk aikin da ya samu, har da wata mujallar yara mai suna Pistolin wadda wani kamfanin cakulan ya ɗauki nauyinta don talla. Kafin shekarar ta ƙare mujallar Tintin ta buɗe wa Gosini ƙofa, ya shiga rubuta wa masu zane da dama labarai a lokaci guda.

NICOLAS DA ASTERIX

Shekarar 1959 ita ce ta sauya masa rayuwa. A watan Maris jaridar Sud Ouest ta ranar Lahadi ta fara buga labaran Petit Nicolas, watau ƙaramin Nicolas, wani ɗan firamare da ke ba da labarin ajinsu da gidansu da bakinsa, yana ganin abubuwan da manya ke yi bai kuwa gane dalilinsu ba. Jean-Jacques Sempe ne ke yi musu zane.

A wannan shekara kuma shi da abokansa suka shiga shirin fito da sabuwar mujallar yara mai suna Pilote, da goyon bayan gidan rediyon Luksambag. Ana bukatar labari wanda tushensa na Faransa ne, ba kwaikwayon Amurka ba. Da farko shi da Uderzo sun ɗauko wata tsohuwar tatsuniyar dila, sai suka ji wani mai zane ya riga su. Lokaci ya ƙure. Wata rana cikin watan Agusta suka zauna a gidan Uderzo a Bobigny, bayan garin Faris, suna bin zamunan tarihin Faransa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya musu a makaranta, har suka iso kan Golawa, mutanen da suka zauna a ƙasar kafin Rumawa su ci ta da yaƙi. A nan suka tsaya.

Labarin da suka tsara shi ne, a shekara ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuliyus Kaisar ya mamaye ƙasar Gol, sai wani ɗan ƙauye guda da ya gagare shi, domin bokan ƙauyen yana dafa wani tsimi mai ba da ƙarfin da ya wuce misali. Uderzo ya so jarumin ya zama ƙaƙƙarfan ƙato. Gosini ya nace a yi shi ɗan ƙarami mai wayo. Aka daidaita, Asterix ya zama gajere, aka ba shi aboki ƙato mai yawan ci, Obelix. Sunan Asterix daga sunan alamar tauraro ta masu ɗab'i aka samo shi, abin da ya dace da jikan mai maɗaba'a.

Pilote ta fito ran 29 ga watan Oktoba, 1959. Littafin Asterix na farko ya fito a 1961, kwafi 6,000 kacal aka buga. Kafin shekaru goma su cika, kowane sabon littafi yana haura kwafi miliyan ɗaya. Ran 26 ga watan Nuwamba, 1965, da Faransa ta harba tauraronta na ɗan'adam na farko daga hamadar Aljeriya, Asterix aka sa masa suna. Zuwa yau an fassara labaran cikin harsuna fiye da 100, an kuma sayar da kwafi fiye da miliyan 350.

Zaman baƙunci da Gosini ya yi bai tafi a banza ba. A littattafai da yawa Asterix da Obelix kan yi tafiya, yau Ingila, gobe Masar, jibi Sifen ko Girka, su ga al'adun mutane su yi ta mamaki, a tsokani kowace ƙabila irin tsokanar abokan wasa. Waɗanda suka fi shan tsokanar kuwa su ne Faransawa kansu, da gardamarsu da son cinsu da faɗan da ba ya ƙarewa a tsakaninsu. Mutumin da ya tashi yana hango ƙasarsa daga nesa ya fi kowa ganin abin dariyar da ke cikinta. Sai dai ba a rasa abin suka ba, domin a shekarun baya-bayan nan masu karatu da dama sun nuna rashin jin daɗinsu da yadda aka zana baƙaƙen fata a wasu littattafan, musamman wani ɗan fashin teku, zane irin na raini da Turawa suka saba yi a wancan zamani.

YADDA YAKE AIKI

Mai sa mutane dariya ne, amma a wajen aiki kamar akawun gwamnati yake. Kullum tsaf cikin kwat da taye, yana zama gaban tafireta a kan lokaci, ba ya kuma saɓa ranar da ya yi alkawarin miƙa aiki. Kafin ya fara labari sai ya karanta littattafan tarihi, har da wanda Kaisar ya rubuta a kan yaƙinsa da Golawa. Sa'an nan ya rubuta labarin a taƙaice daga farko har ƙarshe. Bayan haka ya bi shi shafi shafi, akwati akwati, ya raba takarda gida biyu, a hagu ya bayyana abin da mai zane zai zana, a dama ya sa maganar da kowa zai yi. Da wannan tsari ne ya iya riƙe labarai da yawa a lokaci guda, har da na Iznogoud, wani mugun waziri mai kwaɗayin gadon sarauta wanda kullum dabararsa ke komawa kansa, wanda ya fara da mai zane Jean Tabary a 1962.

Daga 1963 zuwa 1974 yana cikin masu jan ragamar Pilote a matsayin edita. Da ya hau kujerar, bai manta da jakar zanen da ya yi ta yawo da ita a Niyok ba. Ya buɗe wa matasa ƙofa, irin su Gotlib da Cabu da Jean Giraud da Claire Bretecher, waɗanda duk suka zama manya a sana'ar, ana kuma buga sunan marubuci tare da na mai zane. Duk da haka, a watan Mayu, 1968, lokacin da ɗalibai da ma'aikata suka yi bore a Faransa, wasu masu zane suka kira shi taro suka yi masa ca a matsayinsa na maigida. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ganin cewa shi ne aka taɓa kora saboda neman haƙƙin irinsu.

ƘARSHENSA

Ya zauna tare da uwarsa har ya kai shekara 40. A 1967 ya auri Gilberte, wadda ya haɗu da ita a cikin jirgin ruwa, suka haifi 'ya guda ɗaya, Anne, a 1968. A 1974 shi da Uderzo da mai buga littattafansu, Georges Dargaud, suka kafa ɗakin shirya finafinan zane a Faris, abin da yake mafarki tun yana kallon Walt Disney a Buenos Aires.

Ran 5 ga watan Nuwamba, 1977, ya je wurin likita a Faris don a gwada lafiyar zuciyarsa. Yana bisa keken gwajin zuciyar ta tsaya. Ya rasu yana da shekara 51, aka binne shi a birnin Nice. Ya bar littattafan Asterix 24. Na ƙarshensu, wanda ya kai jaruman ƙasar Beljiyam, ya gama rubuta shi amma ba a gama zanawa ba. Uderzo ya ƙarasa shi aka buga a 1979, daga daidai inda ya tsaya ranar rasuwar abokinsa kuwa sai ya zana sararin sama a murtuke, ruwa na zuba.

Uderzo ya ci gaba da Asterix shi kaɗai, daga baya ya miƙa wa wasu, waɗanda littafinsu na farko ya fito a 2013, shi kuma ya rasu a 2020. A 2004 Anne ta fito da labaran Nicolas masu yawa da ba a taɓa tara su cikin littafi ba. An sa wa wani titi a Faris sunan Gosini, haka kuma makarantar Faransawa da ke Warso, garin ubansa. Akwai kuma kyauta mai sunansa da ake bai wa marubutan labarin zane, su da a dā ba a ko ambatonsu. Duk littafin Asterix da mutum ya ɗauka a kanti yau, ko da wanda aka rubuta shekaru bayan rasuwarsa ne, zai ga sunan Goscinny a saman bangon, kusa da na Uderzo.